Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Shirin Mota Tsakanin Kwibek da Kademi

A lardin Kwibek na ƙasar Kanada, inda nake zaune, babu mai motar da bai san ranar 1 ga Disamba ba. Daga wannan rana zuwa 15 ga Maris, doka ta ce duk ƙaramar motar da ke da rajistar lardin ba za ta hau titi ba sai da tayoyin sanyi a ƙafafunta huɗu. Wanda aka kama ya saɓa, tarar dalar Kanada 200 zuwa 300 ce ke jiransa. An kafa dokar a 2008. Da can sai 15 ga Disamba take fara aiki, amma a 2019 aka dawo da ita farkon wata, domin dusar ƙanƙara kan riga tsakiyar Disamba sauka. Saboda haka tun watan Oktoba gareji ke cika maƙil. Mutum zai buga waya ya nemi a sa masa rana, a ce masa sai bayan mako biyu ko uku. Motarsa kuwa lafiyarta ƙalau: ba ta ƙara, ba ta hayaƙi, ba ta zubar da mai. Lokaci ne kawai ya yi.

Wannan shi ne babban bambancin da na gani tsakanin nan da gida. Ni ɗan Kademi ne ta ƙasar Gaya, na tashi ina ganin motocin da ke jigilar mutane da hatsi tsakanin garinmu da Gaya da Ajingi da Wudil har cikin Kano. A wurinmu ciwo ne ke kai mota wurin bakanike. A nan kalanda ce ke kai ta. Ba ina nufin mutanen nan sun fi mu hankali ko tattalin dukiya ba, akwai dalilan da suka tilasta musu. Abin da ya sa batun ya tsaya mini a rai shi ne, yawancin motocin da muke hawa a gida daga irin waɗannan ƙasashe suka fito. An ƙera su da sanyi a zuciya, an kuma riƙe su a cikin sanyi shekara da shekaru. Mu kuma muna karɓarsu ba tare da mun tantance abin da ya kamata mu bari a jikinsu da abin da ya kamata mu guda ba.

Abin da sanyi ke yi wa mota

A birnin Montiriyal da ke nan Kwibek, matsakaicin ma'aunin watan Janairu yana wajen digiri 10 ƙasa da sifili, kuma akwai dararen da yake gangarawa zuwa 25 ko fiye. Dusar ƙanƙarar da ke sauka a shekara, in aka tara ta, tana kai mita biyu. A irin wannan yanayi kowane sashe na mota yana canza hali.

Taya ce ta farko. Robar tayar yau da kullum tana fara sandarewa da zarar ma'auni ya sauka ƙasa da digiri 7, kuma robar da ta sandare ba ta kama titi. Ka taka birki, ƙafafu su tsaya, mota ta ci gaba da tafiyarta. Tayar sanyi an haɗa robarta ta yadda za ta zauna da laushinta, sannan an yi wa zanenta ƙananan tsage-tsage masu yawa da ke cizon ƙanƙara. Ana gane ta da wani tambari a gefenta, hoton dutse mai kai uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a tsakiya. Wasu har da ƙananan ƙusoshin ƙarfe, waɗanda a Kwibek aka yarda da su daga 15 ga Oktoba zuwa 1 ga Mayu kaɗai, saboda suna cin kwalta. Abin ba yau ya fara ba. A ƙasar Finlan, kamfanin da yanzu ake kira Nokian ya ƙera tayar sanyi ta farko a 1934, domin manyan motoci. Suwidin ta wajabta ta daga 1 ga Disamba zuwa 31 ga Maris muddin hanya na da ƙanƙara. Jamus ba ta yanka rana ba, ta dai ce in akwai ƙanƙara a titi wajibi ce, mutanenta kuma suka saba sa ta daga Oktoba zuwa bikin Ista.

Sai batir. Sanyi yana rage masa ƙarfi a daidai lokacin da inji ya fi buƙatar ƙarfin, domin baƙin mai ya yi kauri, injin ya yi nauyin juyawa. Shi ya sa babbar lambar da ke jikin batir a nan take nuna yawan wutar da zai iya bayarwa na daƙiƙa 30 a digiri 18 ƙasa da sifili. Kafin hunturu ana ɗora masa na'urar gwaji. In ya nuna rauni a canza shi, ko da har yanzu yana tayar da mota.

Lagireto kuwa ba a zuba masa tsurar ruwa. Ruwa in ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, kuma wannan kumburin ya isa ya tsaga jikin inji. Ana gauraya ruwa da wani sinadari rabi da rabi, haɗin da ba ya daskarewa sai wajen digiri 37 ƙasa da sifili. Baƙin mai ma mai ruwa-ruwa ake zubawa, irin su 0W-20 da 5W-30, domin ya zaga inji da sauri a tashin farko. Ruwan wanke gilashi na musamman ne, wanda ke jure digiri 40 ƙasa da sifili. Man gas shi ma gidajen mai suna canza haɗinsa, domin na bazara yana yin kaki ya toshe matata. A garuruwan da sanyinsu ya fi na Montiriyal, kamar Winifeg, za ka ga kan filogin lantarki yana leƙowa daga gaban mota. Na wata hita ne da ke jikin inji, ana jona ta a soket da dare, wuraren ajiye motoci da yawa kuma suna da soket a kowane gurbi.

Akwai kuma gishiri. Hukumomi suna watsa shi a kan tituna ya narkar da ƙanƙara, shi kuma ya manne a ƙasan mota yana cin ƙarfe. Don haka mutane da yawa suke kai motarsu a fesa mata man hana tsatsa duk shekara.

Na ƙarshe shi ne guzurin but: ƙaramin shebur, burushin share dusa, bargo, tocila, wayar jan wuta daga wani batir, ruwan sha da ɗan abinci. A daren 14 ga Maris 2017, guguwar dusar ƙanƙara ta tsare motoci kusan 300 a babbar hanya mai lamba 13 a Montiriyal, mutane suka kwana a cikin motocinsu har gari ya waye. A cikin birni ke nan. Duk wanda ya koyi tuƙi a nan an gargaɗe shi cewa in ya maƙale ya kunna inji don ɗumi, ya fara duba bakin salansa. In dusa ta toshe shi, hayaƙi mai guba marar wari yana dawowa cikin mota ya kashe mutum yana gyangyaɗi. Irin gubar nan ce ke kashe mutanenmu da ke kwana da kaskon gawayi ko janareta a rufaffen ɗaki.

Hunturunmu da halinmu

Wani zai ce mu ai ba mu da ƙanƙara, ina ruwanmu da wannan? Gaskiya ne, ruwa ba ya daskarewa a lagireto a ƙasar Kano. Da asubar Disamba da Janairu ma'auni yakan sauka wajen digiri 12 zuwa 14, wani lokacin ƙasa da 10, ya tsaya nan. Amma duk wanda ya taɓa fitowa tasha bayan sallar asuba a cikin muku-mukun sanyi ya san hunturu yana taɓa mota. Lokacin ne ake ganin fasinjoji sun fito suna turi. Lokacin ne direba ke neman gangara ya kwanar da motarsa domin ya san batir ba zai tayar da ita da safe ba. Mai motar gas da hitocin injinta suka mutu tun bara yakan ɗiga fetur a hanyar iska ya tilasta mata tashi, abin da ke dukan inji a hankali. Batirin nan ba sanyi ne ya kashe shi ba. Zafin bazara ne ya ƙafar da ruwansa ya cinye farantansa tun watan Afrilu, sanyi ya zo ya tona asiri.

Babban abin da hunturu ke kawo mana shi ne ƙura. Iskar arewa maso gabas tana kwaso ta daga Sahara, mafi yawa daga kwarin Bodele a arewacin Cadi, ta shimfiɗa hazo a kanmu daga Nuwamba zuwa Maris. Akwai ranakun da jirage ba sa iya sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, ga su da na'urori da hasumiya. To ina ga direban mota ƙirar Sharon mai fitila ɗaya a hanyar Wudil? Ƙurar tana toshe matatar iska, mota ta yi nauyi ta ƙara shan mai. Inda matatar ta yage ko aka cire ta, ƙurar tana shiga inji kai tsaye ta goge shi. Gilashi kuma ana share shi da busasshen tsumma ko busasshiyar waifa, yashi ya kakkarce shi, har ya zama in fitilar mota mai zuwa ta haska da dare direba ba ya ganin komai sai haske. A wannan lokaci ne kuma hanya ta fi cika, domin an gama kaka. Gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi suna fita daga ƙauyuka, wasu har kasuwar Dawanau, dabbobi suna tafiya kasuwar Juma'a ta Wudil, an yi wa motoci lodi fiye da ƙima. Ga hayaƙin ƙona daji a gefen titi, ga babbar motar da ta lalace a kan hanya ba ta da alamar komai sai ganyen da aka zuba a bayanta.

Duk wannan yana zuwa kowace shekara, a lokaci guda, ba ya saɓawa. Amma ban san wani mako a shekara da masu motocinmu suka ware domin shirya masa ba. Abin mamakin shi ne, mu mutane ne da suka ƙware a shirin lokaci. Manomin Kademi ba ya jiran ruwan farko kafin ya yi sharar gona. Tun bazara ya kai taki, ya kai garma da fartanya maƙera, ya ware iri, ya yi yaɓe ya gyara indararo. Ba doka ce ta sa shi ba, ya san damina ba ta jiran kowa. Shi wannan mutumin ne, in ya sayi mota, zai bar ta sai ta tsaya da shi a tsakiyar hanya. Hikimar tana nan a cikinmu, mota ce ba mu shigar cikinta ba.

Abin da muke cirewa da abin da muke gada

A 1975 aka buɗe kamfanin haɗa Peugeot a Kaduna, kuma 504 ɗin da ta fito daga can an daidaita ta da zafinmu da hanyoyinmu. Yau kuwa mafi yawan abin da ke titi 'yan Beljiyam ne, wato motocin da aka yi amfani da su, daga Turai da Amurka da Kanada, waɗanda suka shigo ta tashoshin ruwan Legas ko ta Kwatano. Ina ganin irinsu a nan kafin su hau jirgin ruwa, kuma akwai abubuwa huɗu da nake so mai saye da bakanike su sani.

Na farko tamostat. Wani ɗan bawul ne da ke tare ruwa a cikin inji har ya yi zafin da ya dace, wajen digiri 80 zuwa 90, sannan ya buɗe ya bar shi ya zaga lagireto. Kanikawanmu da yawa, mota na isowa, shi suke fara cirewa, su kuma jona fanka ta riƙa juyawa ba tsayawa. Hujjarsu ita ce na ƙasar sanyi ne. Ina fahimtar inda abin ya samo asali: tsohon tamostat yakan maƙale a rufe, mota ta tafasa, samun sabo na gaskiya kuma wahala ne. Amma inji an ƙera shi ne ya yi aiki a wani zafi na musamman, a Kanada yake ko a Kano. In bai kai wannan zafin ba, kwamfutar motar tana ɗauka har yanzu yana ɗumama ne, sai ta ci gaba da ƙara masa fetur. Mai ya tafi a banza, filogi ya yi baƙi, fetur ya tsinka baƙin mai, inji ya tsufa da wuri. Da safiyar hunturu abin ya fi muni. Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, babu direban da ke da litar zubarwa. Maganin tamostat da ya lalace shi ne sabon tamostat.

Na biyu ruwan lagireto. Ana zubar da ruwa mai launi da motar ta zo da shi, a cika ta da ruwan rijiya ko na burtsatse, a ce wancan na hana daskarewa ne. Hana daskarewa ɗaya ne daga cikin ayyukansa uku. Yana ɗaga ma'aunin da ruwa ke tafasa, abin da mu muka fi kowa buƙata a watan Afrilu da rana ke kai digiri 40. Yana kuma hana tsatsa da ɓawon da ruwan rijiya ke tarawa a ƙananan hanyoyin lagireto. Jan ruwan da kake gani in an buɗe murfi, jikin inji ne ke narkewa a ciki. Daga nan sai toshewa, sai tafasa, sai ƙonewar gasket, sai kuɗin da ya ninka na galan ɗin sinadari sau da yawa.

Na uku, wanda ya fi tayar mini da hankali, taya. Ma'aikatar sufuri ta Kanada tana ba da shawarar a daina amfani da tayar sanyi in zurfin zanenta ya gaza milimita 4. A idon mai saye a gida irin wannan taya kusan sabuwa ce, zanenta raɗau, robarta da laushi. Tsofaffin tayoyi suna cikin jerin kayan da hukumar kwastam ta hana shigowa da su Nijeriya, amma kowa ya san suna kasuwa, kuma akwai na sanyi a cikinsu. Laushin nan da ke burge mai saye shi ne haɗarin. Robar da aka haɗa domin ƙasa da digiri 7, in aka ɗora ta a kan kwaltar bazara da lodin buhuna da gudu, tana ɗaukar zafi, tana cinyewa da sauri, birki ba ya kama ta yadda ya kamata. In ka ga tambarin dutse mai kai uku, ko ƙananan ramukan da aka zare ƙusoshi, ka ajiye ta komai araharta. Ka kuma nemi lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Lamba 3519 tana nufin mako na 35 a 2019. Manyan kamfanonin taya suna cewa ko zanenta bai cinye ba kada ta wuce shekara goma a aiki, kuma daga shekara biyar a riƙa duba ta duk shekara. Fashewar taya ba ta zaɓen talaka. Ita ce ta yi sanadin rasuwar ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja ranar 6 ga Maris 2016.

Na huɗu tsatsa. Motar da ta yi shekara goma tana wanka da ruwan gishiri tana iya zuwa da fenti mai sheƙi, ƙasanta kuwa ya ruɓe. Bututun birki da na mai da ƙarafan da ke riƙe ƙafafu su ne gishiri ya fi ci. Kafin a biya kuɗi, a hau da ita rami a duba ƙasanta da tocila. Minti goma ne, yana iya zama bambanci tsakanin birki mai kamawa da wanda zai tsinke a gangaren gadar Wudil.

Dalilan bambancin

Adalci ne a faɗi abin da ya sa mutanen nan suke shiri. Na ɗaya tsoro: mota ta mutu da kai a daji a digiri 25 ƙasa da sifili magana ce ta rai. Na biyu tsada: ladan bakanike a nan da awa ake lissafa shi, motar da za ta janye ka ma kuɗi ne mai yawa, don haka rigakafi ya fi araha ƙwarai. Na uku doka da inshora suna tafiya tare. A lardin Ontariyo mai maƙwabtaka, inda ba a wajabta tayar sanyi ba, tun 2016 aka umarci kamfanonin inshora su yi ragi ga wanda ya sa ta. Na huɗu, mai albashi tsayayye yana iya ware kuɗin Oktoba tun watan Yuli.

Direbanmu na haya kuwa kullum ta Allah ce. Zai biya balas ga mai mota, ya biya tasha, ya sha mai, ya kai cefane gida. Abin da ya rage ba ya sayen taya huɗu rana ɗaya. Kuma in ya lalace a hanya ba a barinsa shi kaɗai. Kafin ya buɗe bonet mutum uku sun tsaya, mai babur ya tafi ɗauko bakanike, wani ya kawo ruwa. Wannan alheri ne da nake kewa, domin a nan motoci ɗari za su wuce ka, kowa ya ɗauka ka riga ka kira kamfanin ja. Kanikawanmu ma suna da basirar da ta yi ƙaranci a nan. A nan abu in ya lalace cire shi ake yi a jefar. A Ƙofar Ruwa da garejin Kano ana farke shi a gano ciwon a gyara. Ƙasar Gaya ma tarihi ya san ta da maƙera tun kafuwar Kano. Hannun da ya iya tayar da matacciyar mota ba zai gaza kula da mai rai ba.

Sai dai sauƙin samun taimako ya sa mun raina lalacewa a hanya. Turi da ɗaurin waya suna maganin batir da fanbel. Ba sa maganin tayar da ta fashe a guje, ko birkin da ya ƙi kamawa da mutum goma sha takwas a cikin bas. Idan abin ya faru mukan ce ƙaddara ce, kuma gaskiya ne babu mai tsere wa abin da Allah Ya rubuta. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa tawakkali yana tafiya ne tare da riƙon sababi, kuma ran fasinja amana ne a hannun direba da mai mota.

Kalandar da ta dace da mu

Ba dokar Kwibek nake so a kwafo ba. Sabuwar tara a hanyoyinmu za ta iya zama sabuwar hanyar tatsar direbobi kawai. Abin ɗauka shi ne tunanin: a ɗaure gyaran mota da juyawar shekara. Mutanen Kwibek lokaci ɗaya ne ke ba su tsoro, mu muna da uku, kuma kowanne da abin da yake nema.

Da kaka, wajen ƙarshen Oktoba, shirin hunturu. A canza matatar iska, a riƙa kaɗe ta duk mako har hazo ya wuce. A gwada batir a wurin mai gyaran wayar mota, a wanke kawunansa, a duba hitocin motar gas. A tabbatar kowace fitila tana ci, ta gaba da ta baya da ta birki da sigina. A cika tulun wanke gilashi, kada a sake share shi a bushe. A cikin hazo a kunna ƙaramar fitila ko da rana ne, domin babbar tana dawo wa direba da haskenta a ido. Wannan ne kuma lokacin da ɗan kuɗi ke shigowa hannun mutane, don haka shi ya fi dacewa da sayen taya.

A ƙarshen Fabrairu, shirin bazara. A wanke lagireto, a zuba ruwan da ya dace, a duba murfinsa da tiyo da fanbel da fanka, a mayar da tamostat. A yi juye da irin man da kamfanin motar ya rubuta, domin sababbin injuna da yawa ba sa son mai kauri. A auna iskar taya da safe kafin mota ta yi tafiya, da ma'auni, ba da bugun hannu ba. Adadin da ya dace yana rubuce a wata takarda a jikin ƙofar direba, sai a nuna wa mai faci.

A watan Mayu, shirin damina. Sabuwar waifa, zanen taya mai zurfin da zai kori ruwa, birki, da hanyar busa iska ga gilashi. Motoci da yawa an toshe hitarsu a kan cewa ba ta da amfani a ƙasar zafi, sai ruwan Agusta ya sauko gilashi ya yi gumi, direba yana tuƙi da hannu ɗaya yana goge shi da ɗaya.

Mafi yawan waɗannan abubuwa dubawa ce, ba saye ba. Waɗanda ke buƙatar kuɗi kuma ana iya yi musu adashi, kamar yadda direbobi ke yi domin biki da suna.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana gangamin faɗakarwa a watanni huɗun ƙarshen shekara saboda yawan tafiye-tafiye, hukumar kula da zirga-zirga ta KAROTA kuma tana kan titunan Kano. Suna da rawar takawa, haka ma gidajen rediyon da direba ke saurare tun asuba. Amma wanda maganarsa ta fi shiga kunnen direba shi ne shugaban tasharsa da bakanikensa. Shugabannin ƙungiyar direbobi a Gaya da Ajingi da Kademi suna da ikon da babu jami'in da yake da shi, domin su ke ba da layin lodi. In suka ware mako ɗaya sau uku a shekara, suka gayyato bakanike da mai gyaran waya da mai faci cikin tasha, suka ce motar da ba a duba fitilarta da tayarta da birkinta ba ba za ta yi lodi ba, ba sai an jira majalisa ko kasafin kuɗi ba. Fasinjan da ya biya kuɗin mota bai san shekarun tayar da ke ƙarƙashinsa ba, ba shi kuma da hanyar sani. Waɗanda suka sani su ne mai mota da direba da bakanike da shugaban tasha, kuma a kansu hakkin yake.